Ciwon Daji na Gado Yana Bi ta Jinin Uba: Yadda Namiji Zai Binciki Nasa

Da yayata ta kwanta ciwon dajin nono shekara uku da suka wuce, ni ne ɗan rakiyarta asibiti. Ubanmu ɗaya, uwa kowa da tasa. Ita 'yar ɗakin uwargida ce, ni ɗan amarya, kuma shekarunta 38 a lokacin. Likita ya gama duba takardunta, ya ɗauki biro ya ce, "Hajiya, a danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo?" Ta lissafo dangin mahaifiyarta kaf, babu kowa. Ya ce, "Na mahaifinki fa?" Sai muka dubi juna. Goggonmu, ƙanwar Baba, ciwon nono ne ajalinta tana da shekara arba'in da 'yan kai, amma a gida ba a taɓa kiran sunansa ba. "Ciwon nan" kawai ake cewa, wasu ma suka ce jifa ne. Baffanmu kuma ya daɗe yana fama da fitsari, aka yi masa aiki, daga baya ciwon ya shiga ƙashin bayansa. Likita ya ajiye biro ya juyo gare ni, ya ce, "Malam, kai ma maganar nan ta shafe ka." Na yi dariya na ce ai ni namiji ne. Shi bai yi dariya ba.

Abin da ya fahimtar da ni a ranar shi ne, yawancin ciwon daji ba gado ba ne. Kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ke tasowa daga lahanin da mutum ya gada a ƙwayoyin halittarsa. Biyu daga cikin waɗannan ƙwayoyi sun fi shahara, BRCA1 da aka gano a 1994, da BRCA2 da aka gano a 1995. Kowa yana da su, mace da namiji, kuma aikinsu gyaran ɓarnar da ke faruwa a cikin jiki kullum kafin ta zama ƙari. Kowannensu biyu-biyu ne a jikinka, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan ɗaya ya zo da lahani, mai gyara ɗaya ya rage maka, ranar da shi ma ya gaza, ɓarna ta sami wurin zama.

Mu da muka saba da gwajin jinin sikila kafin aure, a nan muke rikicewa. A sikila sai uwa da uba sun haɗu sun ba yaro kafin ciwo ya bayyana, shi ya sa mai AS yake zaune lafiya. Wannan kuwa ɓangare ɗaya ya isa. Uban da ke ɗauke da shi, kowane ɗa ko 'ya da ya haifa yana tsakanin samu da rashi, hamsin da hamsin. Mace da ta gada, haɗarin ciwon nono a tsawon rayuwarta yana kaiwa kashi 45 zuwa 70 cikin 100, ga kuma na ƙwan mahaifa. Namiji ma bai tsira ba. Mai lahanin BRCA2 haɗarinsa na ciwon furostet ya ninka na sauran maza sau biyu ko fiye, kuma yakan zo da wuri ya yi saurin yaɗuwa. Furostet ɗin nan wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ciwon dajinta ne a rediyo ake yawan ce wa kansar mafitsara, kuma shi ne ya fi kowane ciwon daji kama maza a Najeriya. Sannan namiji yana yin ciwon nono. A cikin jama'a abu ne mai wuya, kusan mutum 1 cikin 1,000, amma ga mai BRCA2 yana kaiwa 7 cikin 100. Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiyar nan ta Amurka Beyoncé, a 2019 ya fito ya faɗa wa duniya yana da shi, kuma gwaji ya nuna BRCA2 ne.

Kada a ɗauka abin Turawa ne. Wani bincike da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta suka yi a Ibadan, aka wallafa a 2018, ya duba mata 1,136 masu ciwon nono, ya samu kusan 15 cikin kowace 100 suna ɗauke da lahanin gado. Kowacce daga cikinsu tana da uba, da yawa kuma suna da 'yan'uwa maza.

Mataki na farko: ka nemi tsofaffin gidanku

Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma shi ya fi komai muhimmanci, don haka zan daɗe a kansa. Ka sami littafi mai kwali, ka ware shafi biyu, dangin uba daban, dangin uwa daban. Tsatso uku ake so: kakanni, iyaye da baffanni da goggonni da kawunnai da innoni, sai kai da 'yan'uwanka da 'ya'yan waɗancan. Ga kowane mutum ka rubuta abu uku. Wane ciwo ya yi, a ina ciwon ya fara a jikinsa, yana da shekara nawa aka gano.

"A ina ya fara" ita ce tambayar da ke ba da wahala. Ciwon Baffa kowa a gida cewa yake ciwon baya ne ya kashe shi, alhali daga furostet ya taso ya sauka a ƙashi. Idan akwai tsohuwar takardar asibiti a ƙasan akwati, ko da ta yi ja, ka ɗauki hotonta. Shekaru kuma, tsofaffi ba sa ƙidaya da kalanda, sai ka bi ta abin da suke tunawa. Goggo ta rasu, in ji kakarmu ta wajen ƙanin kaka, "shekarar da aka yi canjin kuɗi na Buhari, tana goyon autarta." Wato 1984. Daga nan lissafi ya fito.

Kada ka je wa tsohuwa da biro a hannu kamar ɗan jarida. Ka je gaisuwa da goro ko ɗan turare, ka bari hira ta yi nisa. Ni sai da na je Tudun Wada sau biyu kafin matar Baffa ta buɗe baki. Na ce, "Inna, wai ni ciwon Goggo yaya ya faro ne?" Ta yi shiru, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Ɗan nan, me ya kawo tone-tone?" Na ce saboda jikokinta nake tambaya. Sai ga shi ta faɗa mini har da abin da ban tambaya ba: ashe akwai wata yayar Baba da aka aurar ƙauye, cikinta ya kumbura kamar mai juna biyu bayan ta daina haihuwa, ba ta shekara ba ta rasu. Ba wanda zai iya rantsewa ciwon ƙwan mahaifa ne, amma likita da ya ji, sai da ya ja layi a ƙarƙashinsa.

Irin gidajenmu suna da abin da ya kamata a kula da shi. Ɗan riƙo da ɗan'uwan shayarwa 'yan gida ne ta kowace fuska, amma a wannan littafi jini kawai ake bi. 'Yan uba ka nuna ɗakin da kowa ya fito, domin idan ciwo iri ɗaya ya bayyana a ɗaki biyu na mata daban-daban, yatsa maigida yake nunawa. Idan akwai auren zumunci ka rubuta, don mutum ɗaya zai iya fitowa a shafin uba da na uwa duka.

Mataki na biyu: ka duba ko littafin yana magana

Kaka ɗaya da ta yi ciwon daji tana da shekara 80 ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da likitoci ke nema shi ne ciwon nono kafin ko a shekara 50, ko a nono biyu na mace ɗaya; ciwon ƙwan mahaifa a kowace shekara; ciwon nono a jikin namiji; ciwon fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin; ciwon furostet da ya yaɗu ko ya zo wa mutum da sauran ƙarfinsa; ko mutum biyu uku a ɓangare ɗaya masu waɗannan cututtuka. Akwai kuma wani gado daban da ake kira Lynch, wanda alamarsa ciwon babban hanji ko na cikin mahaifa ne kafin shekara 50.

Wani abu da ke ruɗin mutane a Arewa shi ne ciwon dajin hanta. Za ka ga wa da ƙani sun tafi da shi, a ce gado ne. Sau da yawa ƙwayar cutar hanta ce, hepatitis B, da ke wucewa daga uwa zuwa jariri ko tsakanin yara a gida ɗaya. Wannan gwajinsa mai sauƙi ne, ana yi a ko'ina cikin Kaduna, kuma akwai rigakafi. Idan hanta ce matsalar gidanku, can za ka fara.

Mataki na uku: likita kafin ɗakin gwaji

A nan na yi kuskure. Da zafina na shiga wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a cikin gari, na ce ina son gwajin DNA. Yaron da ke kan tebur ya rage murya, ya dube ni da tausayi, ya ce, "Alhaji, yaron da ake shakka a kansa yana tare da kai?" A ƙasar nan da an ce DNA, rigimar wane ne uban ɗa ake nufi, kuma ina jin wannan na cikin abin da ke sa maza gudun maganar. Da na yi masa bayani sai ya ce suna da "gwajin kansa gaba ɗaya", ya miƙo mini farashi. Da na kai wa likita takardar, ashe PSA ce da wasu alamomin jini, babu ruwansu da gado.

Ka bambance abu uku. PSA gwajin jini ne da ke nuna halin da furostet ke ciki a yau. Gwajin tsokar da aka yanko daga ƙari yana bayani ne a kan ƙarin. Gwajin gado shi ne ke karanta ƙwayoyin halittar da aka haife ka da su, kuma galibi sau ɗaya ake yinsa a rayuwa.

Ka ɗauki littafinka ka je inda ƙwararru suke. A cikin garin Kaduna akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44. A Shika, Zariya, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke da sashen masu ciwon daji, kuma daga Kawo tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna idan hanya ta yi kyau. Ka yanki kati, ka nemi a tura ka wurin likitan ciwon daji ko likitan mafitsara. Idan ɗan'uwanka yana jinya a yanzu, likitansa shi ne ƙofa mafi kusa. Abin da za ka faɗa gajere ne: "Likita, a dangin mahaifina mutum kaza sun yi ciwon daji, ga shekarunsu. Ya kamata a yi mana gwajin gado?" Ka tambaye shi wane ɗakin gwaji ya amince da shi, waɗanne ƙwayoyi za a duba, nawa ne kuɗin duka har da aikawa, da kuma wa zai zauna da kai ya fassara sakamako. Wanda ba zai iya amsa ta ƙarshen nan ba, kada ka ba shi jininka.

Mataki na huɗu: a fara da mai ciwon

Zuciya za ta ce maka ka fara da kanka. Hankali ya ce a fara da wanda ya yi ciwon, in yana raye. Idan aka gwada kai mai lafiya ba a ga komai ba, ba a san ko ka tsallake ba ne, ko kuma dama abin da ke damun gidan ba ya cikin abin da aka duba. Idan kuwa aka samu lahanin a jikin mai ciwo, an san sunansa da wurinsa, sauran dangi wannan wuri ɗaya kawai za a duba musu, kuma yakan fi araha.

Gwajin yana da tsada, domin galibi ƙasar waje ake tura samfurin, farashin yana tafiya da dala. Tunda amfanin na dangi ne, kuɗin ma ya zama na dangi. Mu a asusun zumunci muka ɗauka, wanda ake tarawa don biki da rasuwa. Wani ƙanin Baba ya ce wannan bincike shiga hurumin Allah ne, abin da aka rubuta ba makawa. Limamin unguwarmu ne ya raba gardamar, ya tuna masa lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ƙanin Baban bai ce ya yarda ba, amma ya ba da nasa kason.

Mataki na biyar: ranar gwaji

Ba wani abu ba ne. Jini kaɗan a 'yar kwalba, ko yawu. Idan jini ne ba a buƙatar zama da yunwa. Idan yawu ne, kada ka ci, ka sha, ko ka tauna goro rabin awa kafin nan. Ka karanta takardar amincewa, ka tabbatar an rubuta sunanka daidai a jikin kwalbar. Sai jira na 'yan makonni.

Mataki na shida: karanta sakamako

Amsa uku ce ke iya zuwa. Ta farko, an samu lahani. Wannan ba ya nufin kana da ciwon daji, ba ya kuma nufin dole ka yi. Babanmu har ya koma ga Allah yana da shekara 71 bai taɓa yi ba, hawan jini ne ya kwantar da shi, amma ta wurinsa abin ya bi, domin an samu lahanin BRCA2 a jikin yayata, aka same shi a nawa, kuma shi kaɗai muka haɗa.

Ta biyu, ba a samu ba. Idan an riga an san lahanin gidanku kuma ba ka da shi, ka yi hamdala, ba ka gada ba, 'ya'yanka ma ba za su samu ta wurinka ba. Idan ba a taɓa gano komai a dangin ba, to tarihin gidanku yana nan daram, kuma da shi likita zai ci gaba da aiki.

Ta uku ita ce mai cin rai: an ga wani bambanci, amma ba a san ko yana da illa ba. Mu baƙar fata mun fi samun irin wannan amsa, saboda yawancin bayanan da ake kwatantawa da su daga jinin Turawa aka tattara. Ba a yanke shawarar tiyata a kanta, kuma da yawa daga baya akan gano ba komai ba ne. Ka adana takardar, ka riƙa tuntuɓar likita bayan shekara ɗaya ko biyu.

Mataki na bakwai: idan an samu

Ga mai BRCA2, shawarar ƙwararru ita ce a fara gwajin PSA daga shekara 40, kowace shekara. Mai BRCA1 ma ya tattauna hakan da likitansa. Kada ka jira sai fitsari ya fara gardama, domin ciwon furostet a farkonsa shiru yake. Daga shekara 35 ka riƙa shafa ƙirjinka wata-wata lokacin wanka, bayan kan nono da hammata, likita ma ya duba sau ɗaya a shekara. Ƙullutu mai tauri ko da ba ya ciwo, kan nono da ya shige ciki, jini ko ruwa a jikin singileti, duk a kai asibiti a makon, ba wurin mai sakiya ba. Idan akwai ciwon fankiriyas a dangi ka faɗa, akwai hoton da ake yi. Mai Lynch kuwa, leƙa hanji da kyamara ake yi duk shekara ɗaya ko biyu, wasu tun daga shekara 20 zuwa 25, a cire tsiro kafin ya rikiɗe. Taba sigari da shisha, a ajiye.

Wanda ya riga ya kamu ma gwajin yana yi masa amfani. Akwai magunguna irin su olaparib da aka yi musamman don ƙarin da ke da lahanin BRCA, kuma a 2020 Amurka ta amince a ba masu ciwon furostet da ya yaɗu. Suna da tsada ƙwarai, amma likita ba zai ma yi tunaninsu ba in bai san kana ɗauke da shi ba.

Mataki na takwas: gaya wa dangi

Wannan ya fi huda jijiya zafi. Ka fara da matarka, a ɗaki, ba a gaban yara ba. Sai 'yan'uwanka na jini ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, har waɗanda aure ya kai nesa. Kada ka jefa takardar a zauren WhatsApp na dangi, kafin la'asar ta kai gidan surukai da ƙarin gishiri. Ka ba kowa kwafin sakamakon a hannunsa ya kai wa likitansa, domin sunan lahanin da ke rubuce a ciki shi ake bukata. 'Yan'uwa mata su ne suka fi cin moriya: akwai hoton nono da ake fara musu tun daga shekara 25, akwai kuma shawarar cire ƙwan mahaifa bayan an gama haihuwa.

Tsoron kowa shi ne a ce gidan wane akwai ciwo, 'yan mata su rasa manema. Tsoro ne na gaskiya, shi ya sa nake ganin sirri haƙƙin mai shi ne, shi zai zaɓi wanda zai gaya wa da lokacin. Sai dai inda ake shirin haɗa 'ya'yan wa da ƙani a gidan da aka san akwai BRCA2, a nan shiru ba shi da kyau. Idan duka biyun suna ɗauke da shi, yaro zai iya gado ta ɓangare biyu, ya zo da wata muguwar cutar ɓargo da ake kira Fanconi tun yana ƙarami. A je wurin likita kafin a sa rana.

Yara ƙanana ba a yi musu gwajin BRCA, sai sun kai 18 su yanke da kansu, tunda babu abin da za a yi musu kafin nan. Babbar 'yata tana aji ɗaya a sakandare. Takardata tana cikin ambulan ɗaya da takardun gida, na kuma gaya wa mahaifiyarta inda take. A cikin mu tara da Baba ya bari, biyar sun yi gwajin, uku muna da shi. Ƙanina da ke Rigasa har yau cewa yake lafiyarsa ƙalau. A watan Sha'aban zai cika arba'in, na riga na gaya masa ranar da zan je nawa PSA ɗin zan biyo in ɗauke shi, ya ce sai dai in ni zan biya.